Filin Tambayoyin Manoma: Yadda Ake Yi wa Furen Kiwi Barbara da Hannu

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun shafi kiwi, ɗan itacen nan mai launin ƙasa da gashi-gashi a waje, kore a ciki, wanda a wajenmu ba a cika ganinsa ba sai a manyan kantuna. Biyu daga cikin masu tambayar suna zaune ne a ƙasashen da ake noma shi, sauran biyun kuma daga gida suka rubuto.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Katsina ne, ina zaune a lardin Latina na ƙasar Italiya, inda nake aikin gona. A bayan gidan da nake haya akwai rumfar kiwi mai gindi biyar, huɗu mata ɗaya namiji, wadda mai gidan ya bar mini kula da ita. Kowace shekara tana yin fure har abin ya ba ka sha'awa, amma 'ya'yan da take bayarwa ba su kai rabin na kasuwa ba, wasu kuma a karkace suke fitowa. Na ƙara taki, na ƙara ruwa, ban ga canji ba. A manyan gonaki na ga ana busa wa furanni wani gari da na'ura. Mene ne amfaninsa, kuma ni da ba ni da na'ura yaya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya sa albarka a neman. Abin da ka bayyana ya fi kama da ƙarancin barbara, wato kai garin furen namiji kan furen mace, kuma in dai shi ne, ko ka ninka taki da ruwa ba za su gyara shi ba, domin yawancin girman da ɗan kiwi zai yi yana tabbata ne tun a 'yan kwanakin da furensa yake buɗe. Duk hidimar da za ka yi wa itacen bayan nan, sai dai ta cika abin da aka riga aka kafa a waɗannan kwanaki.

Ka ɗauki kiwi guda ka yanka shi gida biyu, za ka ga ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi sun kewaye farar cibiyarsa. Kowace ɗaya daga cikinsu ta samu ne saboda ƙwayar garin furen namiji ta sauka a kan furen mace, ta tsira, ta gangara har cikin mahaifar furen. Waɗannan ƙwayoyi, yayin da suke girma, su ne suke fitar da sinadaran da ke jawo abinci daga jikin itacen zuwa ga ɗan, har tsokarsa ta cika. Irin da aka fi shukawa a wajenku, wato Hayward, sai ɗansa ya tara ƙwayoyi kimanin 1,000 ko fiye kafin nauyinsa ya kai giram 100. Tuffa ƙwayoyinta ba su cika wuce goma ba, shi ya sa ɗan gari kaɗan ya ishe ta, amma furen kiwi guda yana buƙatar dubban ƙwayoyin gari, kuma su bazu a ko'ina a kansa. Karkacewar da kake gani ma daga nan take. Ɓangaren da ya sami gari ya yi ƙwayoyi ya kumbura, ɓangaren da bai samu ba ya tsaya yadda yake. Idan kana son ka tabbatar da wannan magana, ka yanka ɗaya daga cikin karkatattun ka duba, za ka ga gefen da ya motse kusan babu ƙwaya a cikinsa.

Manoman da kake yi wa aiki ba su wasa da wannan al'amari saboda kuɗinsu yana rataye ne a kan nauyi. A ƙa'idar kasuwar Tarayyar Turai, kiwi ba ya shiga aji mafi daraja sai ya kai giram 90, aji na ɗaya giram 70, aji na biyu kuma giram 65. Abin da ya gaza haka ba shi da wurin zama a kwalin kasuwa, duk kuwa da cewa ruwan da ya sha da takin da ya ci daidai suke da na babban.

Tushen wahalar shi ne kiwi yana da namiji daban da mace daban, kamar dabino. Duk wanda ya taɓa ganin masu dabino a Ingal ko Bilma, ko a wajen Dutse, suna hawa su cusa zangarniyar namiji a cikin ta mace su ɗaure, ya riga ya fahimci abin da ake nufi da barbara da hannu. Bambancin kawai shi ne dabino zangarniya guda ake yi wa aiki ta wadatar da ɗaruruwan furanni, kiwi kuwa fure ɗaya-ɗaya ake bi.

Abu na farko shi ne ka iya rarrabe furannin ba tare da shakka ba. Furen mace ya fi girma, sau da yawa shi kaɗai yake rataye a sandarsa, kuma a tsakiyarsa akwai fararen zaruruwa masu ɗan kauri, guda talatin zuwa arba'in, da suka bazu ta ko'ina daga kan wani ɗan ƙulli mai gashi. Wannan ƙulli shi ne zai zama ɗan itacen, zaruruwan kuma su ne suke karɓar gari. Furen namiji yakan fito a tare, uku ko fiye a wuri guda, tsakiyarsa cike da siraran zaruruwa masu kawuna rawaya, babu fararen zaruruwan nan kuma babu ƙulli. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin furen mace ma yana da kawuna rawaya a kewaye da fararen zaruruwansa, har yana fitar da gari. Garin nan na mace fanko ne, ba ya haifar da komai, saboda haka kada ka ɓata lokacinka kana goga furen mace da ɗan'uwansa.

A yankinku Hayward yana buɗe fure ne a watan Mayu. Idan lokacin ya zo, ka fita da safe bayan raɓa ta bushe, tun rana ba ta yi zafi ba, ka je gindin namijin ka zaɓi furannin da suka buɗe a ranar ko jiya. Za ka gane su da farin ganyensu tas, domin fure yana tsufa ganyensa yana komawa ruwan madara, daga nan ya yi rawaya-rawaya. Ka ɗan taɓa kawunan da yatsa, idan ka ga garin ya maƙale a fatarka to furen yana kan ganiyarsa. Namiji kwana biyu zuwa uku kawai yake zubar da gari mai rai bayan ya buɗe, don haka tsohon fure ba shi da amfani ko da kyansa bai gushe ba. Ka tsinke su a hankali ka jera a faranti, fuskarsu tana kallon sama, kada ka tula su a leda inda za su yi gumi.

Sai ka riƙe furen namiji ta sandarsa, ka lanƙwasa ganyensa baya, ka tallafi furen mace ta baya da yatsu biyu na ɗaya hannun don kada ya karye, ka haɗa su fuska da fuska. Ka juya namijin a hankali a kan fararen zaruruwan, zagaye ɗaya ko biyu, yadda kowane zare zai sami rabonsa, na gefe da na tsakiya. Ba a dannawa da ƙarfi, domin kan zaren yana da laushi da danshi, kuma idan ya ƙuje ya daina karɓa. Furen namiji guda yakan wadatar da mata kamar biyar, daga nan ka yar da shi ka ɗauki sabo. Na fi son mutum ya yi almubazzaranci da furen namiji a kan ya yi tsumulmula, tunda namijin ba shi da wani aiki a gonar da ya wuce wannan.

Furen mace na Hayward yakan iya karɓar gari har kusan mako guda, amma kwanakin farko sun fi albarka nesa ba kusa ba, kuma furannin ba sa buɗewa rana ɗaya, sukan ɗauki kwana goma zuwa mako biyu suna buɗewa bi da bi. Wannan ya sa zagaye ɗaya ba ya isa. Ka riƙa komawa bayan kowane kwana biyu kana bin sababbin da suka buɗe, har furen ya ƙare. Kada ka yi aikin a cikin ruwan sama ko a kan jiƙaƙƙen fure, kuma idan ruwa mai ƙarfi ya sauko jim kaɗan bayan ka gama, ka sake bi idan gari ya washe. Gindi huɗu ba su fi ƙarfin mutum ɗaya ba, aikin sa'a ɗaya ko biyu ne a kowane zagaye.

Akwai abubuwa biyu game da namijinka da nake so ka lura da su bana. Na farko, ka duba ko yana buɗe fure lokaci ɗaya da matan. A Italiya mazan da aka saba haɗawa da Hayward su ne Tomuri da Matua, amma a gidaje ana samun namijin da aka sayo ba tare da an san irinsa ba, sai ya gama furensa kafin matan su fara. Na biyu, ka tuna lokacin da kake datse masa rassa. Kiwi yana fitar da fure ne a kan sabon tohon da ya fito daga reshen bara, saboda haka wanda ya aske namiji ƙwal a lokacin hunturu, kamar yadda ake rage wa mata rassa, ya zubar da furen da hannunsa. Namiji ana yi masa babbar datsa ne bayan ya gama fure, sai ya sami sauran shekara ya fitar da rassan da za su yi furen baɗi.

Idan barbara ta yi kyau za ka tarar da wata hidimar tana jiranka, domin kiwi ba ya zubar da 'ya'yan da suka kama da kansa kamar yadda mangwaro yake yi. Dole ka rage su da hannu tun suna ƙanana, ka cire karkatattu da shafaffu da na gefe inda uku suka fito a sanda guda, ka bar na tsakiya. Ita kuwa na'urar da ka gani, wannan aiki dai take yi a gonar da ta fi ƙarfin yatsu, tana busa garin da aka tara tun da farko.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a fannin noma a Yangling da ke lardin Shaanxi na ƙasar Sin. An kai mu ƙauyukan da ake noman kiwi, na ga mata da tsofaffi suna tsinke furen namiji tun bai buɗe ba suna tarawa a kwando. Ta yaya ake fitar da garin, kuma da gaske ne ana iya ajiye shi har shekara ta zagayo?

AMSA: Malama, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Kin je inda ya dace, domin gundumomin Zhouzhi da Meixian da ke kusa da ke suna cikin wuraren da suka fi ko'ina noman kiwi a ƙasar Sin, ita kuma Sin ita kaɗai tana noma kusan rabin kiwin duniya ko fiye. Can ne ma asalin itacen. Daga garin Yichang na bakin kogin Yangtze wata shugabar makarantar 'yan mata mai suna Isabel Fraser ta kai irinsa Niyu Zilan a shekarar 1904, a can wani mai renon itatuwa mai suna Hayward Wright ya zaɓo irin da ake kira da sunansa a shekarun 1920, kuma sai a 1959 'yan kasuwar ƙasar suka raɗa masa sunan kiwi don sayarwa a waje.

Dalilin tsinke furen tun bai buɗe ba shi ne a lokacin garin yana nan cikakke a cikin kawunansa, iska ba ta kwashe ba, ƙudan zuma bai taɓa ba. Ana zaɓar wanda ya kumbura ya yi fari, ya yi laushi idan an matsa, wanda da an bar shi gobe zai buɗe. Wanda yake kore da tauri garinsa bai nuna ba. Bayan an tara, sai a murza furannin a kan rariya mai manyan idanu, kawunan su zubo ƙasa, ganye da sanduna su tsaya a sama. Manyan kamfanoni injin suke amfani da shi, amma hikimar ɗaya ce. Daga nan a baza kawunan a kan takarda mai santsi, shimfiɗa marar kauri, a ajiye su a wuri busasshe mai ɗumin digiri 25 zuwa 28 na tsawon kwana guda ko makamancin haka, har su tsage su saki garin. A nan ne gaggawa take ɓata aiki, domin wanda ya shanya su a tsakar rana ko ya kusantar da su ga wuta don su yi saurin bushewa, zai sami gari mai kyan gani amma matacce. Idan sun bushe sai a tankaɗe da rariya mai laushi ƙwarai. Abin da ake samu daga kwando guda ɗan kaɗan ne, shi ya sa garin kiwi yake da tsada har ake auna shi da giram.

Maganar ajiya gaskiya ce. A ɗaki garin yana rasa ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, a firji yakan ɗan jima, amma idan ya bushe sosai aka rufe shi ruf a kwalba aka sa a firiza mai sanyin digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifiri, yana kai shekara da ransa. Wannan ajiya ita ce ta warware wa manoma matsalar irin kiwi mai rawayar tsoka, wanda yake riga kore buɗe fure da makonni, kuma furensa kwana biyu zuwa uku kawai yake karɓar gari. Da garin bara ake yi masa barbara a wurare da yawa. Sai dai a kula wajen fitarwa. Ba a buɗe kwalbar da zarar an ciro ta, ana barin ta a rufe har sanyinta ya sauka, in ba haka ba raɓa ta kwanta a kan garin ta lalata shi. Ya fi kyau tun farko a rarraba shi a ƙananan kwalabe, kowace ta aikin yini guda.

Wajen shafawa, wasu buroshi mai laushi suke tsomawa, wasu gashin kaza ko na agwagwa da aka ɗaure a kan tsinke, wasu kuma 'yar bindigar busawa mai batir. Saboda tsadar garin akan gauraya shi da wani gari marar illa don ya yaɗu. A Japan garin haɗin nan ja ake rina shi, sai furen da aka yi wa aiki ya nuna alama, ma'aikaci ba zai maimaita ba kuma ba zai tsallake ba. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai, domin a gonar da furanni suka kai dubbai ido ba ya iya riƙe inda hannu ya bi. Akwai kuma masu jiƙa garin su fesa, amma ba da ruwan famfo ba, sai da tataccen ruwan da aka cire wa gishirin ƙasa tare da sinadarin da ke kare ƙwayoyin, kuma a fesa shi nan take.

Akwai haɗari guda da ya kamata ki sani a matsayinki na ɗalibar noma, wato cutar da ake kira Psa, wadda ƙwayar bakteriya ke kawowa. Tana sa ganye ya yi ɗigo-ɗigo masu duhu da rawaya a kewaye, tohon fure ya yi baƙi ya zube, rassa su riƙa tsiyayar da ruwa fari ko ja, daga nan itacen ya mutu. Ta yi ɓarna a Latina ta Italiya daga shekarar 2008, sannan aka gano ta a Te Puke, cibiyar noman kiwi ta Niyu Zilan, a watan Nuwamba na 2010, inda ta kusan shafe irin rawaya na wancan lokaci mai suna Hort16A, har sai da aka maye gurbinsa da SunGold. Ƙwayar cutar tana iya bin garin fure. Manoman Niyu Zilan sun kai gwamnatinsu kotu bisa zargin cewa ta hanyar kayan fure da aka bari aka shigo da su daga Sin cutar ta shiga ƙasar, kuma a 2021 aka sasanta a wajen kotu a kan dalar ƙasar miliyan 40. Saboda haka ba a tsinkar fure daga itacen da ya nuna alamar ciwo, ba a kuma sayen garin da ba a san gonar da ya fito ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na shekara da shekaru ina kiwon zuma a wajen Zariya, kuma na san ƙudan zuma shi ne yake yi wa itatuwa barbara ba tare da an biya shi ba. Me ya sa masu kiwi suke wahalar da kansu, ba za su kai amya gona su huta ba?

AMSA: Baba, Allah Ya ƙara girma. Suna kaiwa, kuma a Niyu Zilan har gobe ƙudan zuma ne yake yin mafi yawan aikin. Manoma suna hayar akwatunan zuma daga masu kiwo, kimanin takwas zuwa goma a kowace hekta, abin da ya zama babbar hanyar samun kuɗi ga masu sana'arku a can cikin watannin Oktoba da Nuwamba. Matsalar ita ce furen kiwi, namiji da mace, ba shi da ruwan zaƙin da ƙuda yake nema ya yi zuma. Gari kawai yake bayarwa. Idan akwai wani fure mai zaƙi a kusa, ko ciyawa ce mai fure a ƙarƙashin rumfar, ƙudan sai ya bar kiwin ya koma can. Shi ya sa ake yanke ciyawar gonar kafin a kawo akwatunan, ba a kuma kawo su sai wani kaso na furen mata ya riga ya buɗe, don ƙudan ya tarar da aiki a gabansa tun kafin ya gano wata hanya. Ana kuma zuba musu ruwan sukari a cikin akwati, domin idan buƙatarsu ta zaƙi ta biya a gida, sai yawancinsu su fita neman gari.

Ko da ƙudan ya tsaya a gonar, akwai wata ɗabi'arsa da take rage amfaninsa. Wanda ya fara da furen namiji yakan zarce da bin maza, wanda ya fara da mace ya zarce da bin mata, alhali barbara ba ta samuwa sai ya tashi daga namiji ya sauka a kan mace. Don haka ake dasa maza a tsakanin mata, galibi namiji ɗaya ga mata biyar zuwa takwas, a jera su yadda babu macen da ta yi nisa da namiji. Sannan fure guda sai ƙuda ya ziyarce shi sau da yawa kafin ya tara garin da zai cika ƙwayoyi dubu. Kai ka fi ni sanin cewa ranar sanyi da ruwa da iska ƙuda ba ya fita, kuma lokacin furen kiwi a waɗannan ƙasashe lokaci ne da yanayi yake yawan juyawa. Kwana uku na ruwa a tsakiyar fure sun isa su rage amfanin shekara guda. Gonakin da aka lulluɓe da raga don kare su daga ƙanƙara da iska kuma suna rikita ƙudan, ya kasa gane hanyar komawa akwatinsa. Iska tana ɗan taimakawa wajen kai gari, amma ita kaɗai ba ta kai ɗan ga girman kasuwa. A ganina manomin da ya haɗa biyun shi ne ya yi daidai: ya kawo ƙuda, sannan ya bi bayansa da hannu ko da na'ura, musamman a layukan da suka yi nisa da maza da kuma bayan kwanakin ruwa.

TAMBAYA: Malam, na sayi kiwi a kanti a Jos, na shuka ƙwayoyinsa a tukunya, guda shida sun tsiro. Idan sun girma zan iya yi musu wannan barbara in sami 'ya'ya, tunda garinmu akwai sanyi?

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari, tsirar da ƙwayar kiwi ma aiki ne. Amma gara in faɗa miki abin da ke gaba tun yanzu. Wanda aka shuka daga ƙwaya ba a sanin namiji ne ko mace sai ranar da ya yi fure, kuma wannan yakan ɗauki shekaru da dama, fiye da wanda aka yi wa aure, wato aka ɗaura reshensa a kan wani gindi, wanda shi ma sai ya shekara uku zuwa biyar. Kusan rabi sukan fito maza, matan kuma ba lallai 'ya'yansu su yi kama da wanda kika saya ba. Manoma shi ya sa ba sa dogara da ƙwaya, reshen itacen da aka sani suke ɗaurawa a kan gindi, kamar yadda ake yi wa mangwaro aure.

Babbar matsalar ita ce sanyi. Kiwi itace ne da yake zubar da ganye ya kwanta a lokacin hunturu, kuma Hayward yana buƙatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin idanunsa su farka su fitar da fure. Hatta a yankin Bay of Plenty na Niyu Zilan, inda ake noma mafi yawan kiwin ƙasar, manoma sukan fesa wani sinadari a ƙarshen hunturu don toho ya fito lokaci ɗaya saboda sanyinsu ba ya isa kowace shekara. Sanyin Jos, duk da sunan da ya yi, na dare ne da asuba a tsakiyar hunturu, kuma ba ya daɗewa a wannan mataki. Abin da ya fi yiwuwa shi ne itacen ya yi ta yaɗo da ganye ba tare da fure ba, ko ya yi fure jefi-jefi, namiji a wani mako mace a wani. A nahiyarmu, inda aka fi noman kiwi don kasuwa shi ne wurare masu tsayi da sanyi na Afirka ta Kudu.

Idan kina son ki ci gaba da renonsu, ki bar duka shidan don ki ƙara damar samun namiji da mace, ki dasa su a ƙasa mai tsane ruwa domin saiwar kiwi tana ruɓewa a inda ruwa yake kwanciya, ki kafa musu rumfa mai ƙarfi, ki kare su daga iskar hunturu da zafin ranar bazara, kuma kada ki bar gindinsu ya bushe. Idan Allah Ya sa suka yi fure amma namijin ya riga matan, ki tsinke furensa ki fitar da garin kamar yadda na bayyana wa ɗalibar da ke Sin, ki ajiye a firji idan tazarar ta 'yan kwanaki ce, ko a firiza idan ta kai makonni, ki shafa wa matan da buroshi mai laushi ranar da suka buɗe.